Wasan da ya koma aikin da ba albashi

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan shafi domin in yi magana a kan wani al'amari da manya suka saba ɗauka a matsayin shiriritar yara, su kuma samarin da abin ya shafa suke jin nauyin faɗarsa ko a gaban abokansu, wato halin da mutum kan shiga idan wasan gem ya gundure shi amma ya kasa ajiye shi. Ni malamin makaranta ne a Kano, shekaruna ba su cika talatin ba, kuma fiye da rabinsu na yi su ne ina wannan wasa, saboda haka abin da zan faɗa ba wa'azin wanda bai taɓa riƙe fad, wato abin sarrafa wasan, a hannunsa ba ne.

Na fara ne a gidan gem na unguwarmu, wani ƙaramin shago mai labulen buhu, da talabijin biyu, da dogon benci ɗaya, da PlayStation 2, na'urar da kamfanin Sony ya fitar a shekarar 2000, wadda ta ci gaba da mulki a lungunanmu shekaru da dama bayan ta tsufa a ƙasashen da suka ƙera ta. Ƙwallon ƙafa muke bugawa, kuma dokar wurin sananniya ce: wanda aka ci shi zai biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Mutum biyu ke wasa, goma na tsaye a kansu suna ihu da ba da shawarar da ba wanda ya nema. Abin da ban lura da shi ba a wancan lokaci shi ne wannan wasan yana da ƙarshe. Ko dai kuɗin aljihunka ya ƙare, ko a ɗauke wuta mai shago ya ce babu man janareta, ko kuma a kira magariba ya kore mu ya rufe ƙofa. Kullum muna tashi ne da sauran marmari, shi ya sa muke ɗokin gobe.

Al'amarin ya sauya ne da wasan ya baro shago ya shigo aljihu. A shekarar 2020, ina jami'a, aka yi kullen korona, ga kuma yajin aikin malaman jami'a wanda ya ɗauki wata tara, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 aka sake wani na wata takwas. Duk wanda ya yi zaman gida a waɗannan lokuta ya san yadda wasannin waya irin su PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, da Call of Duty na waya, wanda ya biyo baya a 2019, da Free Fire, suka cika majalisun samari. Ba na ganin laifin kowa a kan hakan, domin saurayin da aka rufe masa makaranta, ba shi da sana'a, ba shi da inda za shi, dole ya nemi abin da zai cinye masa yini. Ni ma na kama wani wasan harbi, wanda ba zan ambaci sunansa ba, muka haɗa tawagar mutum huɗu: ni, da abokin karatuna, da wani yaro a Zariya, da wani a Maraɗi wanda har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Shekara biyun farko na ji daɗinsa ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba.

Daren da na gane akwai matsala ba wani abin tashin hankali ne ya faru ba. Wajen ƙarfe biyu ne, lokacin zafi, ina kwance a gefen katifa saboda igiyar caji gajeriya ce, wayar ta yi zafi har sai na riƙa sauya mata hannu. Muka ci wasa, mu ne muka rage cikin kusan mutum ɗari, abokaina suna ta ihu a kunnena, ni kuwa ban ji komai ba, kamar wanda ya gama wanke kwanuka. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne saura ayyuka biyu daga cikin waɗanda wasan ya ɗora mini na ranar, kuma idan ban kammala su kafin lokaci ya juya ba zan rasa ladan mako. Sai na ji takun mahaifiyata, ta fito alwala. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai, wai har yanzu ba ka kwanta ba?" Na ce, "Umma, wani aiki nake ƙarasawa." Na faɗa ne don in kare kaina, amma bayan ta wuce sai maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya na faɗa ba da niyya ba. Aiki nake yi, mai lokacin shiga, mai ma'aunin ƙwazo, mai abokan aiki da za su ji haushi idan ban zo ba, illa dai ba albashi, ni ne ma nake biyan kuɗin data.

Ina so masu karatu su fahimci cewa wannan gajiya tana da dalili a cikin yadda ake ƙera yawancin wasannin da ake saukewa kyauta. Wanda ya sayar maka da faifan wasa ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, ba ruwansa ko ka buga ko ka ajiye. Wanda kuwa ya ba ka wasa kyauta ba zai sami komai ba sai ka dawo gobe da jibi, har wata rana ka sayi riga ko bindiga ko ɗan wasa na cikin allo. Don haka ake ba da kyautar shiga kullum, wadda ke ƙaruwa idan ba ka tsallake rana ba. Don haka ake raba shekara zuwa kaka-kaka, kowace da kayanta da za su ɓace idan wa'adi ya cika, kuma a ƙarshen kowace kaka a dawo da matsayinka baya domin ka sake hawa tsanin da ka riga ka hau. Sannan ga akwatunan sa'a, waɗanda kake biya ka buɗe ba tare da sanin abin da ke ciki ba.

A nan ne abin ya fi ba ni kunya, domin ni ilimin koyarwa na karanta, kuma duk wanda ya bi wannan layi ya haddace sunan B. F. Skinner, masanin halayyar nan na Amurka da ya yi gwaje-gwajensa da ɓeraye da tantabaru. Ya nuna cewa idan tsuntsu yana samun ƙwaya duk lokacin da ya caki maɓalli, to da zarar an daina ba shi zai haƙura da wuri, amma idan ƙwayar tana zuwa ne jefi-jefi, ba a san ranar zuwanta ba, zai yi ta caka ba ji ba gani. Na rubuta wannan a jarrabawa, na sami maki mai kyau, na koma ɗaki na ci gaba da buɗe akwatunan sa'a, ban taɓa haɗa biyun ba. Wasu ƙasashe sun haɗa. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi caca ce a dokar ƙasar, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasansa na ƙwallon ƙafa mai suna FIFA a can a farkon 2019. Mu a nan, yaron da iyayensa ba za su taɓa bari ya tsaya a ƙofar shagon caca ba yana iya yin makamancinta a kan tabarmar tsakar gida, kowa na kallo ana cewa wasa yake yi.

Duk da haka ina gargaɗin iyaye da malamai 'yan uwana kada su yi saurin kiran kowane mai gem mara lafiya. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar wasan gem a cikin kundinta na cututtuka karo na 11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa lokacin wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma a bisa al'ada hakan ya ɗauki aƙalla wata goma sha biyu yana cutar da karatunsa ko aikinsa ko zamansa da iyali. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kai wa wannan matsayi. Wanda ya kai, likita yake buƙata. Mafi yawanmu kuwa muna wani wuri ne a tsakiya, inda daɗin ya tafi amma sabon ya zauna, kuma Hausawa sun riga sun ce sabo turken wawa.

Hani shi kaɗai ma an gwada shi a inda gwamnati ta fi tamu ƙarfin bibiya. Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe, ta kuma soke ta a 2021, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne dokar ta kwamfuta ce, yaran kuwa sun riga sun koma waya. A shekarar da Koriya ta sassauta ne Sin ta tsananta, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, daga takwas zuwa tara na dare. Kowace ƙasa da dabararta, amma doka iyakarta ta karɓe wayar, ba za ta gaya wa yaro abin da zai yi da awa biyar ɗin da suka dawo hannunsa ba. Wannan shi ne wurin da na fi shan wahala, kuma shi ne dalilin rubuta wannan wasiƙa.

Sau uku ina goge wasan daga wayata, sau biyu ina mayar da shi kafin mako ya zagayo. Da farko na yi zaton wannan wasan ne ya tsufa, sai na sauke wani, na tarar riga kawai aka sauya. Da na goge a karo na uku sai yatsana ya koma gajerun bidiyoyi, wanda a ganina gudun gara ne aka faɗa gidan zago, domin a gem ko ba komai kana magana da mutane kana amfani da tunani. Bayan sallar isha'i sai in rasa inda zan sa kaina. Na ɗauki littafi, ban iya wuce shafi uku ba, idona na karatu hannuna na laluben waya. Na fita gudu da asuba kwana huɗu na bari. Abin da ya fi ciwo shi ne tawagarmu: mutanen da muka shekara uku muna hira kowane dare, sai na tarar idan aka cire wasan ba mu da abin cewa da juna bayan gaisuwa. Abokin karatuna kaɗai ya rage, shi ma don muna haɗuwa a masallacin Juma'a.

Abin da ya fara riƙe ni shi ne dara. Akwai dattawa da ke zama ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya kusa da gidanmu bayan la'asar, sun tona ramuka talatin a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa goma sha biyu, ɗaya da karare ɗaya da tsakuwa, wanda ya jera uku ya cinye ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Shekara da shekaru ina wuce su ina ganin zaman kashe wando ne. Da na tsuguna sai wani tsohon direba ya ci ni sau biyar a jere yana hira da wani, ko kallon ramukan ba ya yi sosai. Na sami a wurin irin abin da na baro a gidan gem na yarinta: 'yan kallo masu surutu, dariya idan aka yi wa mutum tarko, da kiran magariba da ke watsa taro ko an gama ko ba a gama ba.

A wannan majalisa ne ɗaya daga cikin dattawan, maƙwabcinmu da muke kira Baba, ya ji ina ƙorafin rashin abin yi, sai ya aiko mini jikansa da tantabaru biyu, mace da namiji, a cikin kwali. Na buga musu ɗaki da katakon da na tsinto wajen kafinta, na rataye a jikin katanga, na zuba musu dawa da gero, na ajiye ruwa a tsohuwar roba. Kwana uku na ga sun saki jiki suna ci, sai na buɗe musu ƙofa don su sha iska. Suka tashi, suka yi kewaye ɗaya a sama, suka sauka a kan rufin Baba. Da yamma ya kawo su da kansa yana dariya, ya ce, "Malam, ai tantabara ba a yi mata gaggawa. Ba ka ji ana ce mata uwar alƙawari ba? Ka tsare su har su yi ƙwai a gidanka, ran nan ne za su zama naka." Na ce, "Baba, kwana nawa ke nan?" Ya ce, "Nawa kake da shi?"

Na tsare su. Na jira makonni kafin macen ta fara tara tsinkaye, sannan ta yi ƙwai biyu, domin tantabara biyu take yi. Na ga yadda suke karɓa-karɓa, namiji ya hau kwanci da rana, mace ta kwana a kai, har kusan kwana goma sha takwas. Ranar da suka ƙyanƙyashe na dawo daga makaranta na leƙa na ga wasu 'yan halittu biyu munana, jajaye, idanu a rufe, uwar tana zura musu wani farin abu mai kama da nono daga maƙoshinta, uban ma haka. Na fi rabin awa a tsaye a rana, alli bai ma fita daga hannuna ba. Cikin wata ɗaya 'yan shilar suka yi gashi suka fara gwada fiffike. Babu maɓallin da zan danna in gaggauta ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai, babu kuɗin da zan biya ƙwai ya fashe yau, kuma ina ganin wannan jiran ne ya gyara mini abin da ya lalace, domin bayan wasu watanni na sake ɗaukar littafin nan na karanta babi guda ban tashi ba. Ban manta da Skinner ba kuma. Wani lokaci idan ina watsa musu hatsi nakan yi murmushi, domin na shekara uku ina cikin akwatin gwajinsa a matsayin tsuntsun.

Ba cewa nake kowa ya koma kiwon tantabara ba. Abokin karatuna gyaran waya ya je ya koya a kasuwar Farm Centre, yanzu da shi yake cin abinci. Wani ɗalibina ya shiga ƙungiyar ƙwallon unguwa, wani yana koyon ɗinkin hula wajen yayarsa. Ni ma ban yi rantsuwar barin gem ba: ranar Asabar nakan je gidan wani aboki mu buga ƙwallo wasa uku ko huɗu, muna zaune kafaɗa da kafaɗa, mu ci abinci in taho, kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda na ji a shekarun da nake kwana a kai. Akwai kuma samarin da suka mayar da gem sana'a, suna shiga gasa ko suna koyon ƙera wasannin, kuma waɗannan ban da abin ce musu sai fatan alheri. Wasan da nake gudu shi ne wanda ke neman in zo kullum ko ina so ko ba na so. Ga wanda ke lissafi, ya tuna cewa a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, don haka ko aljihu ma ya isa ya sa mutum ya tambayi kansa me yake saya.

Ƙorafina na ga manya shi ne muna yawan faɗa wa yara abin da za su bari, ba ma nuna musu abin da za su kama. Filin da muka yi langa da ƙwallo a unguwarmu yanzu shaguna ne a jere. Makarantu da yawa masu zaman kansu a gidajen haya suke, ba su da wurin da yaro zai yi gudun taku ashirin. Uba zai ƙwace waya ya kulle a durowa, ya fita majalisarsa, ya bar yaro da bango huɗu, sannan ya yi mamaki idan ya dawo ya tarar an ari ta maƙwabci. 'Yan mata ma abin ya fi tsananta a kansu, domin su ko gindin darbejiyar ba su da shi. Baba bai taɓa yi mini nasiha a kan gem ba, ban ma tabbata ya san mene ne shi ba. Tsuntsaye biyu ya ba ni, ya kuma riƙa tambayata labarinsu duk lokacin da muka haɗu, har ya zama ina jin kunyar a ce na bar su da yunwa.

Saboda haka, ya Edita, roƙona shi ne jaridarku ta ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a mako, inda masu sana'o'in hannu da masu abubuwan sha'awa za su riƙa bayyana yadda ake farawa: nawa ake buƙata, ina ake samun kaya, wane kuskure sabon shiga ke yi. Mai kiwon zomo, da mai dashen zogale a buhu, da mai rubutun allo da zayyana, da gwanin dara, duk suna da abin koyarwa, kuma saurayin da ke kwance ƙarfe biyun dare yana danna abin da ya daina so ba zai je neman su ba sai an kawo masa su inda idonsa yake. Idan kuka buɗe wannan gurbi, ni ne zan fara aiko tambaya, domin tantabaruna sun kai goma sha huɗu, amma magen maƙwabta ta cinye mini 'yan shila biyu a watan jiya, kuma ina neman dabarar da zan tsare sauran ba tare da na ɓata da masu magen ba.

Wassalam.

Naku mai karatu,
wani malamin makaranta daga Kano.